Tsaraba Daga Gidan Nabame: Littattafan Tarihin Kabi da Haƙƙin da Ke Wuyanmu

Gabatarwa

Duk ɗan Argungu da ke zaune a Kaduna ko Kano ko Legas ko Abuja ya san cewa idan an je ganin gida ba a komawa hannu Rabbana. Ranar da za a juyo sai an cika bayan mota da buhun shinkafa da kwandon bandar kifi da ƙullin daddawa, wani lokaci har da tabarma ko malafa, domin iyali da maƙwabta da abokan aiki su san an je gida an dawo lafiya. Wannan kyakkyawar al'ada ce da muka gada, kuma babu mai son ta gushe. Sai dai shinkafa takan ƙare, kifi ma kafin wata ya zagayo ya zama labari.

A bara wani abu ya faru a gidana wanda shi ne musabbabin wannan rubutu. An ba ɗana, wanda ke aji biyu na sakandare, aikin gida cewa ya rubuta tarihin garinsu. Ya same ni bayan sallar isha'i ya ce, "Baba, tsakanin Kanta da Nabame wane ne ya riga wani?" Na ba shi amsa cewa tsakaninsu akwai fiye da shekara ɗari uku. Sai ya ce, "To, a wane littafi zan duba? Malam ya ce kowa ya faɗi inda ya samo." Na tashi na dudduba kantar littattafaina. Na ga tarihin Turai, na ga na Kano da na Borno, amma ban ga ko ƙasida ɗaya da ta keɓanta da Kabi ba. Shekara ashirin ina kawo tsaraba daga gida, ban taɓa kawo wannan ba.

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, ko ƙaramin gari ne za ka tarar da ƙungiyar masu kishin tarihi tana riƙe da ɗan gidan tarihi, kuma a bakin ƙofar fita akwai shago. A ciki ana sayar da ƙananan littattafan tarihin garin, da taswirori, da hotuna, da kayan aikin hannu. Baƙo ya gama kallo, ya sayi abin da zai tafi da shi, kuɗin kuma su taimaka wajen kula da gidan. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun tarihin Kabi mu ga inda aka rubuta shi da inda ya maƙale, sa'an nan mu tambayi kanmu abin da ya kamata baƙo da ɗan gari su riƙa fita da shi daga Gidan Tarihi na Kanta.

Gidan da Ake Magana a Kansa

Gidan Tarihi na Kanta shi ne tsohon gidan sarautar Argungu, wanda mutanen gari suka fi sani da Gidan Nabame. A nan sarakunan Kabi suka zauna har zuwa shekarar 1942 lokacin da aka koma sabuwar fada. Ranar 1 ga watan Yuli na 1958, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Shefe, aka buɗe shi a matsayin gidan adana kayan tarihi. Idan aka tuna cewa gidan tarihi na Jos an buɗe shi a 1952, na Legas kuma a 1957, za a ga cewa magabatanmu ba su makara ba wajen gane darajar wannan aiki. A cikinsa akwai masu da takubba da bakuna da kibau da bindigogin gargajiya da layu da tambura da kayan su, kuma a cikin harabarsa ne kaburburan sarakunan da suka gabata suke.

Amma kowa ya san takobi ba ya magana. Wanda ya tsaya gaban mashi ko tambari, idan bai san yaƙin da aka yi da shi ba, ƙarfe da fata kawai ya gani. Mai yi wa baƙi jagora yakan yi bayani gwargwadon iyawarsa, baƙo ya saurara ya jinjina kai, amma kafin ya kai Birnin Kebbi ko Sakkwato rabin sunayen sun zube. Abin da ke riƙe bayani bayan an bar wurin shi ne littafi. To, ina littattafan suke?

Daga Tambutu Zuwa Gwandu

Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci Kanta shi ne Tarikhus Sudan, wanda Abdurrahman As-Sa'adi, malamin Tambutu, ya rubuta da Larabci wajen 1655. Shi tarihin daular Songhai ya sa a gaba, Kabi kuwa ta shigo ne saboda ta zame wa Askiyoyi ƙarfen ƙafa. A cikinsa ne aka ba da labarin yadda Kanta, mai garin Leka, ya raka Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, aka saɓa wajen rabon ganima, ya yi tawaye wajen 1516, aka aiko masa da runduna ta kasa cin galaba a kansa. Littafin ya kuma kawo labarin kashin da wani Askiya na baya ya sha a hannun Kabawa, da sulhun da aka yi a zamanin Askiya Dawuda. Da wannan shaida ta bakin abokin gaba ne masana suke ƙayyade lokacin kafuwar daular Kabi.

Yadda wannan littafi ya isa ga masanan Turai shi kansa abin lura ne. A 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gwandu kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. A can aka ara masa kofen littafin, ya kwashe kwanaki yana kwafar abin da ya iya, ko da yake ya yi zaton Ahmad Baba ne mawallafinsa. Daga baya aka buga matanin Larabcin a Faris a 1898, fassarar Faransanci ta biyo baya a 1900, ta Ingilishi kuma, wadda John Hunwick ya yi, ta fito a 1999. Wato littafin da ke ɗauke da labarin Kanta yana nan ajiye a maƙwabtanmu tun ƙarni na 19, ya zagaya duniya cikin harsuna uku, amma ɗan Bakabe da Hausa kaɗai ya iya karantawa har yanzu yana jiran wanda zai miƙo masa shi.

Shaida ta biyu daga Sakkwato ta fito. A 1812 Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya kammala Infaƙul Maisuri, inda ya yi bayanin ƙasashen da ke kewaye kafin ya shiga labarin jihadi. Ya ambaci biranen Kanta, wato Surame da Gungu da Leka, da girman mulkinsa, da karawarsa da Borno, da rasuwarsa a hanyar dawowa daga wannan yaƙi sakamakon harbin kibiya a ƙasar Katsina. Ya kuma kawo wata ruwaya game da asalin Kanta wadda ta saɓa wa abin da Kabawa suka riƙe a gida, inda ake cewa mahaifinsa Makata ne, mahaifiyarsa kuma 'yar sarautar Katsina. Shi ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Tazyinul Waraƙati na 1813, ya yi maganar yaƙin da aka ci Birnin Kabi da shi a 1805 da kuma yaƙin Alwasa da ya biyo baya a wannan shekara, domin da shi aka yi su.

Waɗannan littattafai ne masu daraja, na manyan malamai, kuma babu mai rubuta tarihin Kabi ya tsallake su. Sai dai wajibi ne mai karatu ya san cewa kowane marubuci daga inda yake tsaye yake hangen fili. Na Tambutu ya ga Kanta a matsayin wanda ya fita daga biyayya. Na Sakkwato sun ga Sarkin Kabi Muhammadu Hodi a matsayin abokin gaba. Abin da ya faru bayan haka, wato kashe Hodi wajen 1826, da tsayuwar Sama'ila Karari a Argungu har aka kashe shi a 1831, da zaman ɗansa Yakubu Nabame a Sakkwato shekara da shekaru, da komowarsa ya ɗaga tutar Kabi a 1849 tare da goyon bayan Arawa da Zabarmawa da Dandawa, duk yana da fuska biyu, ta wancan ɓangare da ta wannan. Fuskarmu ta fi zama a bakin dattawa da makaɗa da masu kirari.

Bakaben da Ya Rubuta Tarihin Gida Daga Nesa

Akwai wani mutum da ya kamata kowane ɗan wannan ƙungiya ya san labarinsa, domin shi ma zaman baƙunci ya yi kamar mu. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salga. An haife shi a Kano a 1858, amma zuriyarsa daga Kabi ta fito, shi ya sa a cikin cikakken sunansa na Larabci ake haɗa masa da Alkabawi. Ya yi yawon neman ilmi da fatauci a Sakkwato da Gwandu da ƙasashen yamma da su, ya isa Salga ta ƙasar Gonja wajen 1892, a kan hanyar fataken goro. Bayan yaƙin basasar da ya wargaza Salga ya koma Kete-Karaci, wadda a lokacin take hannun Jamusawa, yau kuma tana cikin Ghana. A can ya zama limami, a can kuma ya rasu a 1934.

A Kete-Karaci ya haɗu da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, mai nazarin harshen Hausa. Alhaji Umaru ya rubuta masa bayanai masu yawa da ajami a kan ƙasar Hausa, da sana'o'inta da al'adunta da tarihin garuruwanta, daga ciki har da tarihin Kabi. Takardun suka tafi Jamus. Wani masani mai suna Heinz Sölken ya buga wannan tarihi na Kabi tare da fassarar Jamusanci a wata mujallar nazari da ke Balin, kashi biyu, a 1959 da 1963. A shekara ta 2000 kuma Stanisław Piłaszewicz, masanin Hausa ɗan ƙasar Folan, ya fitar da littafi a kan rubutun zube na ajami da Alhaji Umaru ya bari.

Mai karatu ya dubi wannan al'amari da kyau. Mutumin da ba a Kabi aka haife shi ba, yana zaune tafiyar watanni daga ƙasar kakanninsa, babu wasiƙar gidan waya balle tarho, ya zauna da alƙalami da tawada ya rubuta tarihin Kabi da Hausa. Fiye da shekara ɗari ke nan, kuma wanda ke son karanta shi yau sai ya nemi ɗakin karatu na jami'a. Mu da muke da mota da waya da kwamfuta, me muka rubuta, me muka buga?

Zamanin Turawa da na Jami'o'i

Da Turawan Ingila suka zo, a farkon ƙarni na 20, lokacin Sarkin Kabi Sama'ila wanda ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915, suka shiga tattara tarihin masarautu domin bukatun mulkinsu. E. J. Arnett ya fitar da kundin bayanan lardin Sakkwato a 1920, ya kuma buga taƙaitacciyar fassarar Infaƙul Maisuri da Ingilishi a 1922. P. G. Harris ya rubuta maƙala a kan masuntan Kabi wadda ta fito a Landan a 1942, inda ya yi bayanin kayan su da sarautun ruwa da al'adun da ke tattare da su. A 1966 littafin Hogben da Kirk-Greene a kan masarautun Arewa ya fito da babi a kan Argungu. A 1967 kuma littattafai biyu suka fito a kan daular Sakkwato, na H. A. S. Johnston da na Murray Last, kuma dukkansu sun taɓo yaƙe-yaƙen Kabi, har da Lafiyar Toga, wato zaman sulhun da aka ƙulla a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga wanda ya ɗore daga 1867 zuwa 1875.

Bayan su sai 'yan ƙasa suka karɓi alƙalami. An kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya a Ibadan a 1955, bisa jagorancin Kenneth Dike, da nufin 'yan Afirka su rubuta tarihinsu da kansu, su kuma ɗauki ruwayar baka da muhimmanci. A 1969 Muhammadu Bello Alƙali ya gabatar da kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a kan halin da Kabi ta shiga a ƙarni na 19, kuma har yau duk mai bincike a kan Kabi sai ya koma gare shi. A 1974 S. A. Balogun ya buga maƙala a mujallar waccan ƙungiya a kan matsayin Argungu a tarihin Gwandu. Tun daga nan ɗalibai da yawa, cikinsu har da 'ya'yan masarautarmu, sun rubuta kundaye a Zariya da Kano da Sakkwato a kan sarauta da su da noma da kiɗa da karin harshen Kabanci.

Saboda haka ba za a ce ba a rubuta tarihin Kabi ba. An rubuta shi da Larabci da ajami da Jamusanci da Faransanci da Ingilishi. Matsalar ita ce yana warwatse, mafi yawansa cikin harsunan da talakan Kabi ba ya karantawa, a cikin mujallun da ba a sayarwa a kasuwa, da kundayen da kofe uku ko huɗu kawai aka ɗaure aka jera a kanta. Magani ne a gonar yaro.

Darasi Daga Zariya

Wasu garuruwan sun riga mu warware wannan matsala. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu, a 1932 da 1933, inda aka mayar da tsofaffin tarihohin Larabci zuwa Hausar boko domin 'yan makaranta. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta Zariya ta buga ƙananan littattafai masu araha, daga ciki akwai Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, har aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1952. Waɗannan ba manyan kundaye ba ne. Littattafai ne da ake sakawa a aljihu, 'yan gari suka rubuta su da harshen da kowa ke ji, kuma su ne suka sa yaran waɗannan garuruwa suka tashi da sanin jerin sarakunansu.

Irin wannan littafi ne ya dace da bakin ƙofar gidan tarihi. Baƙon da ya zo kallon bikin kamun kifi ba zai sayi kundi mai shafi ɗari biyar ba, amma zai sayi mai shafi arba'in da hotuna da taswira. Kuma baƙi ba su yi mana ƙaranci ba. Bikin da aka faro a 1934 domin karrama ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ziyarar da ta rufe babin gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2016, aka kuma farfaɗo da shi a 2020 bayan ya yi kimanin shekara goma ba a yi ba. Dubban mutane sukan taru a Matan Fada. Nawa ne daga cikinsu suke komawa gida da sanin dalilin da ya sa aka fara taron?

Tsaraba da Kayan Tarihi

Ban da littafi, akwai kayan hannu. A nan ma ba sai mun je Turai neman misali ba. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yanzu yake ɗauke da sunan Bubu Hama, ya keɓe wuri a cikin harabarsa inda maƙera da dukawa da masaƙa suke aiki a gaban baƙi, suna sayar da abin da suka yi. Baƙo ya ga tsohon abu a ɗakin nuni, ya fito ya ga ana yin sabonsa, ya saya. Da haka sana'a take rayuwa, mai sana'a kuma ya sami na cefane.

Ƙasar Kabi tana da abin da za ta baje. Akwai homa da gora, waɗanda duk duniya ta san Argungu da su, kuma ana iya yin ƙananansu domin ado. Akwai ƙwarya mai zane, da faifai, da tabarma, da malafa, da aikin fata, da saƙi. Akwai hotunan sarakuna tun daga Sama'ila har zuwa Mai Martaba Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera wanda ya hau gadon sarauta a 1996. Akwai taswirar da za ta nuna Surame da Gungu da Leka da Birnin Kabi da Argungu, ta kuma nuna yadda iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba mu da 'yan uwanmu na ƙasar Dosso da Dogon Dutsi. Ita Surame, wadda kufanta ke cikin Jihar Sakkwato a yau, an ayyana ta cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO domin a duba. Hoton ganuwarta ta dutse ya cancanci bangon falon kowane Bakabe fiye da kalandar kamfani.

Sharaɗi ɗaya ne a kan kayan tsaraba, su zama aikin hannun mutanen ƙasar, kowanne da 'yar takarda mai bayanin sunansa da amfaninsa da garin da aka yi shi. Idan aka cika shago da robobin da aka saro daga waje aka manna musu hoton kifi, an ci amanar baƙo, an kuma ci ta mai sana'a.

Wajibi ne kuma a bambance tsakanin tsaraba da kayan tarihi. Tsaraba sabon abu ne da aka yi domin sayarwa. Kayan tarihi kuwa, kamar tsohon takobi ko sulke ko tambari ko rubutun hannu na malamai, ba na sayarwa ba ne. Tun 1953 Nijeriya take da dokar kare su, kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikinsu da fitar da su waje ba da izini ba. Mu da ke birane mun fi kowa haɗuwa da dillalan irin waɗannan kaya, kuma mun san yadda talauci kan sa magada su rabu da gadon gidansu a kan kuɗin da ba su kai na buhun gero ba. Duk wanda ya ji labarin irin wannan a danginsa, ya ba da shawarar a kai kayan gidan tarihi a rubuta sunan gidan da suka fito.

Abin da Ke Wuyanmu

Ƙungiyarmu ta saba da gyaran azuzuwa da haƙa rijiyoyi da tallafa wa marayu, kuma duk ayyukan alheri ne. Ina ba da shawarar a ƙara wannan a cikinsu, bisa matakai huɗu.

Na farko, a kafa ɗan kwamiti na malaman tarihi da na Hausa da na Larabci daga cikin 'ya'yan masarauta, ya tattaro kofen duk abin da aka ambata a sama, a ajiye saiti ɗaya a gida inda ɗalibi zai iya zuwa ya karanta. Wanda ke Zariya ya nemo na Zariya, wanda ke Kaduna ya leƙa Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, wanda ke Turai ya nemo na Alhaji Umaru.

Na biyu, a gaggauta ɗaukar muryoyin dattawa, da masu sarautun gargajiya, da sarakunan ruwa, da makaɗan fada, da tsofaffin mata masu riƙe da labarin gidaje. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa wannan aiki. Littafin da ke Balin zai jira mu shekara hamsin, amma tsohon da ke zaure ba zai jira ba.

Na uku, a rubuta taƙaitaccen tarihin Kabi da Hausa mai sauƙi, da fassararsa ta Ingilishi domin baƙi da 'ya'yanmu da Hausarsu ta yi rauni. A rubuta shi da gaskiya. Inda ruwayoyi suka saɓa a kawo su duka, a faɗi mai kowace. A ambaci nasara a ambaci kashi. Kada a mayar da shi kirari, kada kuma a tono gabar da magabata suka binne a 1934. Littafin da ya zama yabo zalla, ɗalibi ba zai iya kafa hujja da shi a gaban malaminsa ba. Inda za a fassara aikin wani, a nemi izinin masu haƙƙinsa.

Na huɗu, a nemi amincewar Mai Martaba Sarki da hukumomin da ke kula da gidan tarihin domin ƙungiya ta ɗauki nauyin kantar littattafai da kayan tsaraba a bakin ƙofa, da mai kula da ita da littafin lissafi, a riƙa karanta rahotonta a taron shekara. Ribar da aka samu a raba ta tsakanin sake buga littattafai da kula da gidan. Kowane reshe na ƙungiya a birane ya riƙa karɓar nasa kason yana sayar wa mambobi.

Kammalawa

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu ba mu bar gida da zuciya ba, neman abinci ne ya fitar da mu. Amma 'ya'yanmu da aka haifa a birni ba su da tunanin wanka a gulbi ko hira a dandali da zai riƙa jawo su. Abin da za su riƙe shi ne abin da muka sa musu a hannu. Ɗana ya rubuta aikinsa da abin da na iya tunawa, a gurbin madogara kuma ya rubuta "mahaifina". Malaminsa ya karɓa, amma ni na san rabin abin da na gaya masa sai da na yi waya gida aka gyara mini.

Ina fata kafin fitowar mujallarmu ta baɗi a ce kwamitin ya zauna, an ɗauki muryar dattawa ko da goma ne, an kuma fara rubutu. Ranar da ɗayanmu zai loda shinkafa da bandar kifi a mota, ya ɗora ɗan littafin tarihin Kabi a kai. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ja zamanin Sarki, Ya ba ƙasar Kabi lafiya da albarka.